Kira Ɗaya, Na'am Uku

Na fara ganin Shekari ranar Litinin, 7 ga Yuni, 1999, da ƙarfe tara da minti ashirin na safe, kwana tara bayan sojoji sun koma bariki. Ina da tabbacin lokacin domin na rubuta shi. Ni ne akawun rajista na wani kamfanin rarraba yadi da ke Kakuri, wanda ba zan ambaci sunansa ba, tunda ya mutu kuma ba a faɗin aibin mamaci. Ya shigo ofishina da tsani a kafaɗa da sukudireba a bayan kunne, ya ce an turo shi ya duba ƙararrawa. Na tura masa littafin masu shiga. Ya ce ai shekararsa goma sha ɗaya a kamfanin, a siton Makera yake, makon nan aka dawo da shi hedkwata. Na ce littafin bai san da wannan ba. Ya yi dariya ya sa hannu, kuma tun daga ranar yake kirana Baba Rajista, ko da yake sunana Abubakar kuma shekara tara kacal na ba shi.

Mutumin Zonkwa ne, gajere, mai saurin magana. Yana zaune a Sabon Tasha da matarsa Celina da 'ya'ya uku. A takarda aikinsa gyaran wuta ne, amma a zahiri ƙararrawa yake kiwo. A ƙarƙashin teburin kowane babba akwai maɓalli. Waya ta tashi daga maɓallin ta bi silin ta sauka a ɗakin masinjoji, inda akwai allo mai lambobi. Babba ya danna, ƙararrawa ta kaɗa, lambarsa ta faɗo, masinja ya ce na'am ya ruga. Cikin ɗan lokaci Shekari ya san duk wayoyin nan kamar jijiyoyin hannunsa.

Mulkin farar hula ya zo mana da sabon Ciyaman, wani Alhaji da ya yi wa jam'iyya hidima kuma ba a samu inda za a ajiye shi ba sai wurinmu. A makonsa na farko ya lura cewa idan ya danna maɓalli mutum ɗaya ne ke zuwa, daidai da abin da manajan sito ke samu. Wannan bai yi masa kama da dimokuraɗiyya ba. Ya umarci Shekari ya haɗa maɓallinsa da wuri uku: ɗakin masinjoji, ofishin sakatariyarsa Madam Edith, da ɗakin masu gadi. Shekari ya ja waya biyu ya ƙara a kan ta farko. Daga nan, dannawa ɗaya sai ka ga mutum uku suna rige-rigen hawa bene, galibi don a miƙo masa jaridar da ke ƙarshen teburinsa.

A watan Agusta aka kawo kwamfuta shida. An yi bikin buɗe su, an yanka zare, an ci shinkafa, sannan aka lulluɓe su da atamfa domin babu wanda ya san abin da za a yi da su. A watan kuma aka sanar cewa za a sa wayar tarho ta cikin gida a ofisoshi, saboda haka ƙararrawa ta zama tsohon yayi, ban da ta Ciyaman. Jerin waɗanda za a sallama ya biyo ta rajista. Mutum goma sha huɗu ne, Shekari na shida.

Abin da ba mu sani ba shi ne, shekara biyu ke nan duk Asabar yana zuwa shagon wani Kenneth, mai sayar da tsofaffin kwamfutoci a Sabon Tasha. Yana gyara masa wuta, shi kuma yana barinsa ya zauna a gaban na'ura. A wurinsa ya samu faifai ɗaya da wani littafi mai kauri da aka yi fotokwafinsa, wanda tawada ta ƙare wa a wasu shafuka. Da waɗannan ya koyi rubuta manhaja, abin da a lokacin muke kira furogiram. Ya je gaban Ciyaman ya roƙi a ba shi kwamfuta ɗaya da wata huɗu, zai sa ta riƙa buga fas, wato takardar da ke ba babbar mota izinin fita da dilolin yadi daga harabar kamfani. Idan ta yi aiki a cire sunansa daga jerin, idan ba ta yi ba ya tafi. Ciyaman ya yarda, musamman da ya ji zai iya cewa a taro kamfaninsa ya shiga zamani.

Ni ke rubuta fas da hannu shekara ashirin da biyu, don haka a teburina aka ajiye na'urar. Shekari ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce ba shi ya ƙirƙiri tagar da nake gani a allo ba, ko maɓallan da ke cikinta. Wasu mutane ne a ƙasashen waje suka rubuta su suka tara a wuri ɗaya, ana kiran tarin laburare, kowa ya ɗauka ya yi gini da shi. Nasa aikin haɗawa ne.

"Baba Rajista, maɓallin nan da aka rubuta Buga, ba ya buga komai," in ji shi. "Ihu kawai yake yi. Ka danna shi, ya yi ihu cewa an danna ni. Ihun shi ne sigina. Ni kuma na rubuta wani ɗan aiki a gefe, na ɗaure shi da wannan ihun. Da ya ji, sai ya tashi ya ba fas lamba ya tura firinta."

Littafinsa ya ba ɗan aikin wani suna na Turanci mai nufin a kira ka daga baya, amma Shekari na'am yake kiransa, don masinja ne kawai. Haka ya raɗa musu suna a cikin rubutunsa: na'am na bugawa, na'am na ajiyewa, na'am na rufewa. Na tambaye shi, idan maɓalli ya yi ihu kuma ba a haɗa shi da kowa ba fa? Ya ce sai ya yi ihunsa ya gama, ba ya fushi, na'ura kuma ba ta nuna an yi kuskure. Na ce wannan tsarin na san shi, tun 1977 nake aika takardu sama.

Muka fara ranar Litinin, 4 ga Oktoba. Da safe komai ya tafi daidai. Na cika sunan direba da lambar mota da yawan diloli, na danna Buga, fas ɗaya ya fito da lambarsa. Bayan sallar azahar na danna, biyu suka fito, kowanne da lambarsa daban. Bayan la'asar uku. Na ba direba ɗaya, na buga wa sauran hatimin soke, na sa su a fayil. Kashegari haka. Na kira Shekari. Ya zo, kuma abu na farko da ya yi, kamar yadda Kenneth ya koya masa, ya kashe na'urar ya kunna. Ya danna, fas ɗaya ya fito. Ya danna sau goma, goma suka fito, ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni da tausayi ya ce wataƙila yatsana na rawa. Na ce yatsan da ya yi shekara ashirin da biyu bai goge layi ba.

Sau shida na kira shi a watan, sau shida ya kashe ya kunna, sau shida na'urar ta yi ladabi a gabansa. Na rubuta wa manajan mulki takarda ranar 12 ga Oktoba, na sake ranar 2 ga Nuwamba, na sake ranar 30. Ihun maɓalli ne, ba a haɗa shi da kowa ba.

Masu gadi ne suka fara lura, domin suna da nasu littafin a ƙofa. Sun ga lambar fas tana tsalle: mota ta fita da ɗari huɗu da goma, ta bayanta ta zo da ɗari huɗu da goma sha uku. A Disamba shugabansu ya kai maganar sama, kuma tunda shi ya ambaci kalmar sata, nan take aka ji shi. Lambobi ɗari biyu da goma sha biyu ba su bi ta ƙofa ba. Aka yanke cewa wani na buga fas na boge yana fitar da yadi ta wata hanya. Ba a ƙirga dilolin sito don a ga ko wani abu ya ɓata ba, domin manajan sito ɗan ƙanwar Ciyaman ne kuma ƙirga zai zama rashin kunya. Na ce fas ɗin duka suna cikin fayil a wurina. Aka ce a ajiye wannan sai kwamiti ya zauna.

Kafin kwamiti ya zauna, kantin abinci ya zauna. Direbobi sun daɗe da gane cewa bayan salla firinta ke haihuwa. Wannan a Kaduna, a ƙarshen 1999, lokacin da kowa ke kwana da maganar addini a bakinsa. Cikin mako guda aka samu fassara biyu. Wasu daga cikin 'yan'uwana Musulmi suka ce Shekari ya saita na'urar ne don ta riƙa izgili da salla. Wasu daga cikin 'yan'uwansa Kirista suka ce Malam Abubakar na dawowa daga masallaci ya tofa mata wani abu. Madam Edith ta tare ni a bene ta tambaye ni a hankali ko gaskiya ne, kuma idan gaskiya ne ko zan iya yi wa albashinta. Mutanen da suka shekara goma suna cin tuwo a benci ɗaya suka koma benci biyu saboda firinta. Shekari ya daina zuwa kantin. Ya daina kirana Baba Rajista a gaban mutane, ya koma Malam. An ba shi takardar tuhuma bayan hutun ƙaramar salla, aka sa ranar Talata, 18 ga Janairu, don zaman kwamiti. Wata huɗunsa za su cika a ƙarshen watan.

Ranar Asabar, 15 ga wata, da hantsi, na hau bas na tafi Sabon Tasha da littafin aikina na yau da kullum. Ba wanda ya taɓa umartata in riƙe wannan littafin. A cikinsa nake rubuta lokacin da na zauna, lokacin da na tashi da dalili, lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka kawo, kuma tun Oktoba na ƙara layin yawan fas da ya fito a kowace dannawa. Celina ta kawo mini ruwa tana dubana kamar ni ne kwamitin. Muka zauna a tsakar gida, na buɗe masa shafuka.

Na nuna masa abu biyu. Na farko, ranar Alhamis, 11 ga Nuwamba, an kira ni sama sau huɗu kafin sha biyun rana don neman wata takarda da ke cikin aljihun Ciyaman, kuma kafin a kira azahar firinta na fitar da biyar. Salla ba ta shiga ciki ba. Na biyu, duk ranar da aka yi ta ɗauke wuta babu tagwaye sam. Ranar da aka ɗauke sau shida ita ce ranar da na'urar ta fi kowace rana natsuwa. Wato an samu abu ɗaya a ƙasar nan da wuta mai ɗorewa ke lalatawa.

Ya daɗe yana bin layukan da yatsa. Sannan ya tambaye ni abin da nake yi daidai kafin in tashi daga tebur. Na ce abin da kowane akawu mai hankali ke yi: in kulle aljihun tebur, in rufe littafi, in rufe tagar fas don kada wani ya taɓa. Idan na dawo in buɗe.

"Kana rufe tagar?"

"Kai ka sa mata maɓallin rufewa."

"Na sa, amma ban taɓa zaton wani zai danna ba."

Ya tashi ya ɗauko rubutunsa da ya buga a takarda. Layin da ke ɗaure maɓallin Buga da na'am ɗinsa, ya ajiye shi ne a cikin aikin da ke buɗe taga. Duk lokacin da aka buɗe tagar, sai a sake ɗaure wani na'am a kan na baya, ba a kwance na farko ba. Laburaren ba ya tambaya ko ka riga ka haɗa. Ka haɗa sau uku, ihu ɗaya ya tashi masinja uku, kowanne ya ɗauki sabuwar lamba ya ruga firinta. Kashe na'ura ko ɗauke wuta na sallamarsu duka, a fara daga ɗaya. Shi kuwa duk gwajinsa taga a buɗe take daga farko har ƙarshe. Ya buɗe littafin Kenneth inda aka yi maganar kwance sigina, shafin fari ne fat, sai inuwar haruffa. Gyaran ba zai kai minti biyu ba: a ɗaga layi ɗaya a mayar da shi inda manhajar ke farawa, don a ɗaure sau ɗaya. Ya yi ta dariya har Celina ta leƙo. Ya ce shi ke nan, ranar Talata zai faɗa musu gaskiya. Na ba shi shawara ya faɗi kaɗan daga cikinta. Bai ji ba.

Kwamitin mutum biyar ne, Ciyaman na shugabanta, ni ke rubuta bayanin zama. Na ajiye fayil ɗin fas da aka soke a gabansu, har da ɗari biyu da goma sha biyun da masu gadi suka ƙirga cif, lamba na bin lamba. Maganar sata ta mutu a nan, kuma na ga wasu fuskoki sun yi jimaminta. Sai Shekari ya sa aka hawo da na'urar. Ya buga fas, ɗaya ya fito. Ya rufe taga ya buɗe, biyu. Ya sake, uku. Babu wanda ya yi alwala. Ya gyara layin a gabansu, ya rufe ya buɗe sau goma, ɗaya ya fito. Manajan mulki ya ce bai gane ba, kuma yana ganin bai kamata a kawar da yiwuwar hannun wasu ba. Manajan sito ya ce shi ma haka.

Da Shekari ya tsaya a nan, ina jin da ya tsira. Amma malami ne a zuciyarsa, ba ya iya barin mutum cikin duhu. Ya juya ga Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, ai irin na teburinka ne. Maɓalli ɗaya, na haɗa shi da wuri uku. Ka danna sau ɗaya, mutum uku su zo da gudu, alhali aikin na mutum ɗaya ne. Biyu sun zo a banza, sai a soke su."

Madam Edith ta sunkuyar da kai tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ciyaman ya tambayi Shekari ko ya yarda kuskurensa ne. Ya ce nasa ne shi kaɗai, ba na Malam ba, ba na kowa ba. Ciyaman ya ce to ya rubuta haka ya sa hannu. Ya rubuta ya sa. Na duba kundin rajista daga baya, don in tabbatar: a shekara talatin da ɗaya na kamfanin, wannan ce takarda ta farko da wani ya rubuta cewa laifinsa ne. Ba su san inda za su sa ta ba, sai suka yi amfani da ita.

Rahoton kwamitin shafi ɗaya ne. Ya wanke kowa daga sata. Ya ce an samu sakaci a aiki daga ma'aikacin da ya amsa da bakinsa, wanda ya jawo ɓarnar takarda da zaman ɗar-ɗar tsakanin ma'aikata. Ya yaba wa shugabancin kamfani bisa hangen nesa wajen kawo kwamfuta, ya ba da shawarar a ci gaba da amfani da manhajar tunda yanzu tana aiki. Takarduna uku na Oktoba da Nuwamba na haɗa su da rahoton da hannuna. Da ya dawo rajista don adanawa, ba sa jiki. Na rubuta wannan ma.

A kantin abinci ba a karɓi bayanin layi ɗaya ba, ya yi ƙanƙanta da girman maganar da aka riga aka yi. Benci biyun suka ci gaba da zama biyu, kowanne da tabbacin cewa an rufe gaskiya.

An sallami Shekari ranar Litinin, 31 ga Janairu, 2000. Ya zo rajista ya mayar da tsani da makullin ɗakin wayoyi, na tura masa littafi ya sa hannu a layin fita, ƙarfe huɗu saura minti biyar. Kafin ya tafi ya ce in ci gaba da rufe taga yadda na saba, yanzu ba komai. Na ci gaba. Manhajar ta buga fas dubu goma sha tara da ɗari shida da huɗu bayan tafiyarsa, babu tagwaye ko sau ɗaya, har ranar da aka rufe kamfanin a 2005. Ƙararrawar Ciyaman ta lalace a watan Afrilun 2000, ba a samu wanda ya san hanyar wayoyinta ba.

Shekari ya yi wata bakwai ba aiki, Celina na riƙe gidan da sayar da doya a kasuwar Sabon Tasha. Daga nan Kenneth ya ba shi rabin shago da kwamfuta biyu, ya fara koyar da buga rubutu, daga baya rubuta manhaja. A 2003 ya kama shagon kansa a Unguwar Television. Bai sake aiki a ƙarƙashin kowa ba. Babbar 'yarsa Naomi ce ke riƙe da shagon yanzu, shi kuma ya koma Zonkwa yana noman citta.